Daga "An Kama Ɓarawo" Za Ku Fara: Nasiha Ga Masu Koyon Fasif Na Ingilishi

Ƙannena 'yan makaranta, maza da mata, musamman ku da ke shirin zama jarrabawar WAEC ko NECO, da ku da Allah ya ba gurbi a jami'a ko kwalejin ilimi har aka fara neman ku rubuta rahoto da Ingilishi, akwai wani babi na nahawun wannan harshe da nake so mu tsaya a kansa, domin yana kayar da mutane da yawa, har da waɗanda bakinsu ya faɗa da Turanci. Shi ne ginin jimlar da malamai ke kira fasif, inda ake ɗauko wanda aiki ya faɗa wa a sa shi a gaba, shi kuwa wanda ya aikata a tura shi ƙarshe, ko ma a yi shiru da shi. Rabin wannan ilimi yana bakinku tun kuna goye. Ɗaya rabin ne ke buƙatar aiki, kuma yana da hanyar da yake bi kafin ya zauna a kan mutum.

Duk wanda ya yi sakandare a ƙasar nan ya san yadda darasin ke gudana. Malam ya ɗauki alli ya rubuta a allo: "Musa killed the goat." Ya ja kibiya daga akuya zuwa farkon jimla, ya ja wata daga Musa zuwa ƙarshe, ya cusa "was" a tsakiya, ya liƙa "by". Aji ya ɗauka baki ɗaya: "The goat was killed by Musa." A ba da guda goma aikin gida, washegari kusan kowa ya cinye, a tafa, a wuce babi na gaba. Bayan 'yan makonni, yaron nan da ya cinye duka zai rubuta wa shugaban makaranta takardar neman izinin tafiya gida, sai ga shi ya rubuta "my grandfather was died". Wata kuma, wajen ba da labarin haihuwarta, ta ce "they born me in Katsina". Ba na ɗora wa malamin laifi. Aji cike yake maƙil, manhaja tana da tsawo, zango gajere ne. Amma dole a faɗi gaskiya: jan kibiya yana koya wa yaro yadda ake juya jimla, ba ya gaya masa dalilin da zai sa mai hankali ya juya ta.

Ku duba abin da masu ƙidayar harshen suka gano. Randolph Quirk da abokan aikinsa, a babban littafinsu na nahawun Ingilishi na 1985, sun nuna cewa kusan huɗu cikin biyar na jimlolin fasif ba sa ambaton wanda ya yi aikin ko kaɗan. Douglas Biber da nasa abokan aikin, a nahawun da kamfanin Longman ya buga a 1999, sun tattara maganganu da rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa suka ƙirga, suka tarar cewa a hirar yau da kullum fasif bai wuce kamar kashi 2 cikin 100 na aikatau ba, a labaran jarida yana kai kamar kashi 15, a rubutun ilimi kuwa kamar kashi 25. Wato jimlar nan mai "by Musa" da muka fi ɓata lokaci a kanta ita ce mafi ƙarancin amfani. Kuma wanda Ingilishinsa ya tsaya ga hira da fim da saƙon waya zai iya daɗewa bai haɗu da fasif yadda zai ishe shi koyo ba, sai ranar da ya buɗe littafin kimiyya ko na shari'a ya tarar da shi a kowane layi.

To, me ya sa ake yin shiru da mai aikin? Wannan tambayar Bahaushe ba ya buƙatar a amsa masa ita, don kullum yana yi. An kama ɓarawo. An ɗaura aure. An ɗauke wuta. An ga wata. Ana gyaran hanya. Za a biya albashi. Wani lokaci ba mu san wanda ya yi ba, wani lokaci kowa ya san shi, wani lokaci kuma kunya ko kara ce ke sa a sakaya, kamar yadda uwa za ta ce "an fasa mini tulu" alhali ta san ɗan da ya fasa. Waɗannan dalilai su ne dai ke sa Bature ya ɗauko fasif. Saboda haka shawarata ta farko ita ce ku bar Musa da akuyarsa tukuna, ku fara daga "an". "An kama ɓarawo" shi ne "the thief was caught". "Ana gyaran hanya" shi ne "the road is being repaired". "Za a biya albashi" shi ne "salaries will be paid". "Ya kamata a hukunta shi" shi ne "he should be punished". Har jimlar nan da ke rikita masu wasu harsuna, "I was given a book", a wurinmu "an ba ni littafi" ce kawai. Wanda ya shiga ta wannan ƙofa ya shiga da ma'ana a hannunsa, siga kaɗai ta rage masa.

Sai dai kamannin yana da iyaka, kuma a bakin iyakar ake faɗuwa. A Hausa in ka ce "an kama shi", wanda aka kama yana nan a mazauninsa na karɓau, bayan aikatau. A Ingilishi sai ya tashi ya dawo gaba ya zama shi ne kan jimla, aikatau ya bi shi: "he was caught", in suna da yawa "they were caught". Na biyu, "an" ba ta yarda a ambaci mai aikin tare da ita. In Bahaushe yana son ya nuna wanda ya yi, sai ya sake gini, ya ce "ɓarawon nan, 'yan sintiri ne suka kama shi". Ku lura da wannan jimla da kyau, domin ita ce ainihin takwarar fasif mai "by". Ana cikin maganar ɓarawo, shi ya sa ya zo farko, sabon labari kuwa shi ne wanda ya kama shi. Haka Bature ke yi: abin da aka riga aka sani a gaba, sabon bayani a ƙarshe, "the thief was caught by vigilantes". Duk wanda ya gane wannan ya san lokacin da "by" ke da amfani da lokacin da take zama kaya.

Bambanci na uku shi ne mafi haɗari, zan dawo kansa. Bari mu fara bin matakan da mai koyo ke takawa, don kowa ya gane inda yake tsaye.

Matakin farko na fahimta ne, tun kafin a kai ga furtawa. Ƙwaƙwalwar mai koyo tana da wata ɗabi'a: sunan da ta fara ji a jimla, shi take ɗauka a matsayin mai aikin. Bill VanPatten, wani masanin koyon harshe na biyu a Amurka, ya yi rubutu mai yawa a kan wannan. A nuna wa ɗalibi hotuna biyu, a ɗaya yaro yana bin kare, a ɗaya kare yana bin yaro, a ce masa "the boy was chased by the dog", sau da yawa sai ya nuna hoton da yaro ke bin kare. Ya ji yaro, ya ji kora, ya ji kare, ya jera su yadda suka zo, "was" da "by" sun wuce ta gefen kunnensa. Tun a 1966 Dan Slobin ya nuna cewa jimlar da ba ta juyuwa ta fi sauƙin ganewa. In aka ce "the rice was eaten by the boy", ba mai ruɗewa, don shinkafa ba ta cin yaro. Wannan sauƙin yana yaudara. Ɗalibi zai ɗauka ya iya fasif alhali hankalinsa ne ya cece shi, sai ranar da ya haɗu da jimla a tarihi ko a shari'a wadda kowane ɓangare zai iya zama mai yi ko wanda aka yi wa, ya karanta labarin a juye.

Kada wannan ya karya muku gwiwa. Yaran da aka haifa cikin Ingilishi ma sukan kai shekara 4 zuwa 5 kafin fasif ya zauna musu sosai, wasu nau'o'insa ma sai bayan haka. An daɗe ana zaton wuyar a cikin ginin take, sai Katherine Demuth ta fito da bincikenta a 1989 a kan yaran Lesoto masu magana da Sesoto, ta nuna suna amfani da fasif na harshensu tun ba su cika shekara 3 ba. Dalili kuwa, a harshen nasu fasif yana yawo a bakin manya dare da rana, har tambayar wa ya yi abu da shi ake yin ta. Abin da kunne ya saba ji, shi baki ke saurin kamawa. Wannan binciken yana da daraja a wurina, domin yana kawar da zargin da yaranmu ke yi wa kansu cewa kansu ne ba ya ja. Ƙarancin haɗuwa da abin ne.

Mataki na biyu shi ne gudu. Howard Kleinmann ya lura a 1977 cewa Larabawa masu koyon Ingilishi suna kauce wa fasif in sun sami wata hanya, ko da sun san ƙa'idarsa. Mu ma muna da tamu hanyar kaucewa, wato "they". "They have stolen my phone." "They are calling you." Fassarar "an" da "ana" ce kai tsaye, kuma Turancin Buroka ya ƙara mata ƙarfi, don shi ma da "dem" yake wannan aiki. A hira ba laifi, Turawa ma suna faɗin irinta. A rubutu kuwa mai karatu zai tsaya ya tambaya, su wa? Mai gudun fasif ba ya yin kuskuren da za a ja masa jan biro, shi ya sa yake daɗewa bai san yana da gibi ba. Ni na fi jin tsoron ɗalibin da takardarsa ta fita fes saboda bai taɓa gwadawa ba, a kan wanda ya gwada ya yi ɓarna.

Sai batun siga, wanda ba zan daɗe a kansa ba don littattafanku sun yi bayaninsa. Abu biyu ne ke haɗuwa: wani reshe na "be" da siga ta uku ta aikatau. Masu koyo sukan yar da ɗaya, su ce "the letter written yesterday" ko "he was ask to go". Na biyun yana da alaƙa da kunne da harshe. Yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, ba mu saba da cunkoson baƙaƙe a ƙarshen kalma ba, saboda haka ƙarshen "asked" yakan faɗi a baki, daga nan ya faɗi a takarda. Maganinsa karatu da babbar murya, da haddace sigogin nan uku na aikatau marasa bin ƙa'ida, ba wata gajeriyar hanya.

Yanzu ga babban ramin. Bayan ɗalibi ya kama sigar, sai ya shiga zuba ta inda ba ta shiga: "the accident was happened", "my grandfather was died", "the money was disappeared", "prices were fallen". Abin mamaki shi ne wannan kuskure ba na 'yan farko ba ne, ya fi fitowa daga waɗanda suka yi nisa. Kuma ba namu ne mu kaɗai ba. Helmut Zobl ya rubuta a kansa a 1989, Virginia Yip ta same shi a Ingilishin Sinawa a littafinta na 1995, an kuma same shi wurin Japanawa da mutanen Koriya da masu harsuna da dama. Masana sun lura cewa ba kowane aikatau yake kamawa ba. Da wuya ka ji wani ya ce "he was laughed" yana nufin ya yi dariya. Yana kama aikatau ne irin su faruwa, mutuwa, faɗuwa, ɓacewa, isowa, waɗanda mai su bai aikata komai ba, abin ne ya same shi. Ƙwaƙwalwar ɗalibi ta gina wa kanta doka: duk inda kan jimla ba shi ne ya yi ba, a sa masa fasif. Dokar tana da hankali a cikinta, faɗi kawai ta yi fiye da kima. Min Kyong Ju ta ƙara haske a 2000, inda ta nuna cewa masu koyo sun fi faɗawa wannan rami in suna iya hango wani sanadi daga waje da ya jawo abin. Tun a 1967 Pit Corder ya ja hankalin malamai cewa kuskuren mai koyo shaida ce ta tsarin da yake ginawa a kansa. Saboda haka wanda ya rubuta "was happened" kada a yi masa dariya, ya taka wani mataki ne, saura a nuna masa inda dokarsa ta tsaya.

A ganina, mu Hausawa muna da ƙarin abin da ke tura mu ramin nan, kuma shi ne bambanci na uku da na ce zan dawo kansa. "An" tamu ba ta zaɓen aikatau. Muna cewa an zo, an tafi, an yi ruwa, an yi hatsari, an yi rasuwa. Fasif na Ingilishi kuwa sai da aikatau mai ɗaukar karɓau. Wanda ya riƙe cewa kowace "an" fasif ce, zai ɗauki "an yi hatsari" ya haifi "accident was happened". Amma Hausar da ta jawo ruɗanin ita ce kuma ke da maganinsa, domin harshenmu ya fi Ingilishi bayyana wannan bambanci a jikin kalma. Muna da fasa da fashe, karya da karye, cika tulu da tulu ya cika. "An fasa kofi" akwai hannun wani a ciki, shi ne "the cup was broken". "Kofi ya fashe" ba ruwan kowa, shi ne "the cup broke". Muna ma da siga ta uku, "kofin a fashe yake", da ta huɗu mai ƙarewa da wasalin u, irin su ya gyaru, ya dafu, ba ya gyaruwa, wadda F. W. Parsons ya sa a aji na bakwai a rabe-raben aikatau na Hausa da ya fitar a 1960. Bature in ya ce "the door was closed" sai an duba abin da ke kewaye kafin a san ko an rufe ƙofar ne ko a rufe take. Ku kuwa kun rarrabe su tun ba ku shiga firamare ba. To ku yi amfani da wannan. Kafin ku rubuta fasif, ku tambayi kanku da Hausa: an yi masa ne, ko shi ne ya yi, ko abin ya same shi haka nan? Kaka ya rasu, ba a rasu da shi ba. Kuɗi sun ɓace, farashi ya faɗi, abu ya faru. Duk waɗannan ba fasif. In kuwa kuna nufin an kashe, an ɓatar, an rage, to fasif ya halatta, amma da wani aikatau daban.

Ku ɗauki rahoton gwajin kimiyyar sinadarai, irin wanda ake yi a ɗakin gwaji kafin jarrabawa. Ɗaliba ta auni ruwan sinadari ta zuba a kwalba, ta ɗiga masa ɗigo biyu na mai nuna launi, ta riƙa sakin asid a hankali tana kaɗa kwalbar, idonta a kan ruwan, har rawaya ya koma ruwan lemo. In ta zo rubutawa za ta ce: "The solution was measured and poured into a flask. Two drops of indicator were added. The colour changed." Jimla biyu na farko fasif ne, don an auna, an zuba, an ɗiga, kuma ba wanda ya damu da sunan mai zubawa, tunda ko wa ya zuba sakamako ɗaya ne. Ta uku kuwa ba fasif ba ce, don launin ya sauya ne, ba a sauya shi ba. Wanda ya iya rubuta waɗannan layuka uku da saninsa, ya san dalilin kowanne, ya fi wanda ya juya jimla ɗari a allo.

To yaya za a kai nan? Da farko a yawaita haɗuwa da shi a inda yake zaune, wato jarida da littattafan darasi da labaran rediyo na Ingilishi. Amma karatu kawai ba ya isa. Richard Schmidt ya kafa hujja a 1990 cewa abin da mai koyo bai lura da shi ba da wuya ya shige shi. Saboda haka ku ɗauki labari ɗaya na jarida, ku ja layi a ƙarƙashin kowane fasif, ku tambayi kanku me ya sa marubucin ya zaɓe shi a nan, wa aka ɓoye, kuma don me. Za ku sha mamakin yawan wuraren da hukuma ke cewa an yi kuskure ba tare da ta ce wa ya yi ba, kuma daga ranar kun zama masu karatu da ido biyu. Waɗanda ke sauraron labaran duniya da Hausa suna da wata dama: ku saurari labari da Hausa, ku nemi shi da Ingilishi, ku ga inda "an" da "aka" suka koma fasif da inda ba su koma ba.

Sannan a rubuta. Merrill Swain ta yi nazarin yaran Kanada da aka koyar da su darussa da Faransanci shekara da shekaru, ta ga suna fahimta sosai amma nahawunsu bai kai ba, ta kammala a 1985 cewa sai an tilasta wa mai koyo ya furta ya rubuta kafin ya gane gibinsa. Ku rubuta yadda ake yin abin da kuka sani da idonku: yadda ake rina a Ƙofar Mata, yadda ake jima, yadda ake sarrafa gyaɗa a fitar da mai da ƙuliƙuli. Irin wannan bayani da kansa yake kiran fasif, don da Hausa ma "ana jiƙa, a wanke, a shanya" za ku ce. Ku kai wa malami ko wani na gaba da ku ya duba, ku roƙe shi kada ya tsaya ga jan layi, ya gaya muku dalili. Kowane sabon aikatau kuma ku koye shi tare da halinsa, ku duba ƙamus ku ga yana ɗaukar karɓau ko ba ya ɗauka, domin wannan ilimi kalma-kalma yake shiga, ba a dunƙule ba.

Za ku haɗu da masu ce muku fasif aibi ne, a guje shi. George Orwell ya ba da irin wannan shawara a wata maƙalarsa ta 1946, manhajojin gyaran rubutu na kwamfuta ma sukan ja layi a ƙarƙashinsa. Suna da gaskiya ta fuska ɗaya: akwai masu cusa shi don rubutu ya yi kama da na manya, ko don su ɓoye mai laifi. Amma an yi wannan gargaɗi ne ga waɗanda suka riga suka iya har suka wuce gona da iri. Ku da kuke kan koyo, ku fara mallakarsa tukuna, sannan ku san inda za ku ajiye shi.

Ina roƙon ku, ƙannena, a cikin makon nan kowa ya samu shafi ɗaya na jaridar Ingilishi da biro, ya yi aikin jan layin nan, sannan ya rubuta layi goma a kan wata sana'a ta gidansu ya kai a duba masa. Malamai kuma da wannan rubutu zai iso gare su, don Allah a fara darasin daga "an kama ɓarawo" kafin a kai ga kibiya. Allah ya ba ku ilimi mai amfani, ya sa ku fi mu.